Legas: Hanyoyin gudun motsa jiki a birnin da ruwa ya kewaye

Birnin Legas, wanda Hausawa suka fi sani da Ikko, yana zaune ne tsakanin tekun Atlantika da wani makeken tafki, kuma gadoji ne suka haɗa sassansa da juna. To amma duk da wannan yalwar ruwa, samun wurin da mutum zai yi gudun motsa jiki yana kallon gaɓa ba tare da fargabar mota ba, abu ne mai wuya a birnin.

Mafi yawan hanyoyin da suka fi kyan gani an gina su ne domin motoci, wasu kuma suna cikin unguwannin masu hannu da shuni. Saboda haka mai gudu a Legas aronsu yake yi, ko dai na ɗan lokaci da sassafe kafin ababen hawa su fito, ko kuma na yini guda a shekara, wato ranar gasar gudun fanfalaki.

Wannan batu ya shafi ɗimbin 'yan arewa da ke zaune a birnin, ciki har da mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum na yammacin jihar Zamfara, waɗanda fatauci ko ci-rani ko aikin gwamnati ko karatu ya kai su can. Wanda ya tashi cikin noma da doguwar tafiya a ƙasa, idan ya koma zaman shago ko gadi ko tuƙi na tsawon yini, jikinsa yakan rasa motsin da ya saba da shi, kuma daga nan ne ƙiba da hawan jini da ciwon sukari suke samun ƙofa.

Yadda birnin yake

Legas ta kasu gida biyu. Akwai ɓangaren tudu, inda mafi yawan jama'a suke zaune, kamar Surulere da Yaba da Mushin da Ikeja da Agege. Akwai kuma ɓangaren tsibirai, wanda ya ƙunshi tsohon garin Ikko da Ikoyi da Victoria Island, sai kuma zirin Lekki da ya miƙe gabas a bakin teku.

Manyan gadoji 3 ne suka haɗa tudu da tsibirin Ikko. Ta farko ita ce gadar Carter, wadda aka fara ginawa a shekarar 1901. Ta biyu ita ce gadar Eko ta shekarun 1970, sai kuma gada ta uku, wato Third Mainland, wadda aka kammala a 1990.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta ba jihar Legas mutane kimanin miliyan 9, yayin da gwamnatin jihar ke cewa adadin ya haura miliyan 20. Ko ma wane adadi aka ɗauka, jihar ita ce mafi ƙanƙantar ƙasa a Nijeriya, kuma wannan matsi shi ne ya sa fili ya yi tsada, gefen titi ma ya zama kasuwa a unguwanni da dama.

Gadar Lekki da Ikoyi

Babu wurin da ya yi suna wajen masu gudu a Legas kamar gadar da ta haɗa Lekki da Ikoyi. Gwamna Babatunde Fashola ne ya buɗe ta a ranar 29 ga watan Mayun 2013, kuma kamfanin Julius Berger ne ya gina ta. Tsawonta kilomita 1.36 ne, kuma ita ce gada ta farko a Nijeriya da aka rataye da igiyoyin ƙarfe daga wata doguwar hasumiya.

A kan wannan gada an keɓe wa masu tafiya a ƙasa gefensu. Wanda ya haye ta ya dawo ya yi kusan kilomita 3, wanda kuma ya maimaita haka sau biyu ya haura kilomita 5. Gadar tana da ɗan hawa zuwa tsakiya, abin da ke da amfani ga mai horo a birnin da kusan duk shimfiɗe yake. Daga samanta ana hangen ruwa ta kowane gefe, da kwale-kwalen masunta, da dogayen gine-ginen Ikoyi.

Sunan gadar ya ƙara fita duniya a watan Agustan 2016, lokacin da shugaban kamfanin Facebook, Mark Zuckerberg, ya yi sassarfa a kanta yayin ziyararsa ta farko a Nijeriya.

A ɓangaren Lekki, gadar tana sauka ne a titin Admiralty, wanda masu son ƙara nisa sukan bi. Sai dai a safiyar Asabar jama'a sukan yi yawa a kanta, ta yadda mai son gudu da sauri sai ya riga kowa fitowa.

Titunan Ikoyi da Obalende

A ɗaya ɓangaren, gadar tana sauka ne a Ikoyi, unguwar da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa kansu. Har yanzu akwai ragowar manyan itatuwan wancan zamani a wasu titunan, kuma inuwarsu na daga cikin abin da ke jan masu gudu. Titin Alexander da titin Bourdillon su ne aka fi bi. An sa wa na biyun sunan Bernard Bourdillon ne, gwamnan Nijeriya daga 1935 zuwa 1943.

Wanda ya ci gaba da gudu yamma zai kai Obalende, unguwar da ke da tsohuwar alaƙa da Hausawa. A shekarar 1863 ne wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya kafa wata 'yar ƙaramar runduna ta Hausawa a Legas, wadda ake ɗauka a matsayin tushen rundunar sojan Nijeriya, kuma daga baya sojoji 'yan arewa da iyalansu suka zauna a Obalende. A nan ne kuma barikin Dodan yake, inda shugabannin mulkin soja suka zauna har zuwa lokacin da aka mayar da fadar gwamnati Abuja a watan Disambar 1991. Ba nisa da nan ne aka kashe Janar Murtala Muhammed a ranar 13 ga watan Fabrairun 1976.

Gaba kaɗan akwai dandalin Tafawa Balewa, wato tsohon filin sukuwa, inda aka yi bikin samun 'yancin kai a ranar 1 ga watan Oktoban 1960. Wannan hanya cike take da tarihi, amma Obalende babbar tashar mota ce, saboda haka da zarar gari ya waye ba ta biyuwa ga mai gudu.

Bar Beach da Eko Atlantic

Tsofaffin mazauna Legas suna tunawa da Bar Beach, wato bakin tekun da ke gefen titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Shekaru da dama nan ne wurin shan iskar kowa da kowa, mai kuɗi da talaka. A nan ne kuma gwamnatocin soja suka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a shekarun 1970.

Sannu a hankali teku ya riƙa cin gaɓar, har ta kai igiyar ruwa tana hawowa kan titin Ahmadu Bello tana barazana ga gine-ginen da ke wurin. A ƙarshen shekarun 2000 ne aka fara aikin cike tekun da yashi domin gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic, wadda aka tsara za ta kai faɗin murabba'in kilomita 10. An kuma kare ta da wata katangar duwatsu da kankare da aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8.5.

Aikin ya kare Victoria Island daga ambaliyar teku, ya kuma samar da faffaɗan tituna da ba su da cunkoso, irin waɗanda masu gudu ke so. To amma Bar Beach ta tafi ke nan. Sabuwar unguwar aikin 'yan kasuwa ne, tana da ƙofofi da masu gadi, kuma shigarta ba kamar shiga tsohon bakin tekun ba ne.

Haka lamarin yake a gabas. Galibin sanannun wuraren shaƙatawa na bakin teku a yankin Lekki sai an biya kuɗi ake shiga. Bugu da ƙari, a shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta fara gina babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba mai tsawon kimanin kilomita 700, kuma a watan Afrilun shekarar aka rushe wasu wuraren shaƙatawa na bakin teku da suka faɗa kan hanyar.

Ɓangaren tudu

Mafi yawan Hausawan Legas a ɓangaren tudu suke, a wurare irin su Agege da Idi-Araba da kewayen kasuwar Mile 12. A wajensu zuwa gadar Lekki da asuba tafiya ce mai nisa da kuma tsada.

Wurin da ya fi kusa da mazauna Idi-Araba shi ne babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere. An gina shi a 1972, ya karɓi wasannin ƙasashen Afirka a 1973, kuma a cikinsa ne Nijeriya ta doke Aljeriya da ci 3 da nema ta ɗauki kofin ƙwallon ƙafa na Afirka karon farko a 1980. Filin ya lalace sosai bayan da aka buɗe na Abuja a 2003, amma harabarsa ta shafe shekaru tana zama matattarar masu motsa jiki, musamman a safiyar Asabar. Daura da shi akwai filin wasa na Teslim Balogun, wanda aka buɗe a 2007.

Ga mai neman kallon ruwa a ɓangaren tudu, da wuya a sami kamar harabar Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962. Jami'ar tana bakin tafki ne, tana da itatuwa da tituna marasa hayaniya, kuma daga gaɓarta ana hangen gada ta uku ta miƙe a kan ruwa. Da yake harabar makaranta ce, shiga cikinta yana bisa ƙa'idojin hukumar jami'ar.

Gada ta uku da gasar gudun fanfalaki

Gada ta uku tana da tsawon kilomita 11.8. Janar Ibrahim Babangida ne ya buɗe ta a 1990, kuma a lokacin ita ce mafi tsawo a nahiyar Afirka. Hanya ce ta motoci masu gudu, ba a tanadar wa mai tafiya a ƙasa wuri a kanta ba, saboda haka yin gudu a kanta a ranakun yau da kullum jefa rai ne cikin haɗari.

Gasar gudun fanfalaki ta birnin Legas ce ta buɗe wa jama'a wannan gada. An fara gasar a ranar 6 ga watan Fabrairun 2016, zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, bisa ɗaukar nauyin bankin Access, kuma an saba yin ta a watan Fabrairu. Nisanta kilomita 42.195 ne, wato nisan da aka yi amfani da shi a wasannin Olamfik na birnin Landan a 1908, wanda daga baya ya zama ma'auni a duk duniya.

Hanyar da gasar ta yi suna da ita tana farawa ne daga filin wasa na Surulere da misalin ƙarfe 6 da rabi na safe. Daga nan sai a bi titin Ikorodu zuwa Anthony da Gbagada, a hau gada ta uku daga Oworonshoki. A kan gadar, wadda ta fi rubu'in tseren gaba ɗaya, babu inuwa ko kaɗan, sai ruwa hagu da dama. Masu gudu sukan wuce ta gefen jami'ar, sa'an nan su hangi Makoko, unguwar masunta da aka gina gidajenta na katako a kan turaku cikin ruwa.

Bayan an sauka a Ikoyi, sai a haye gadar Lekki, a bi titin Admiralty, a juyo ta titin Ozumba Mbadiwe, a ƙare a Eko Atlantic. Wato ke nan a cikin 'yan sa'o'i mai gudu yakan ratsa unguwannin talakawa da na attajirai duka. Masu shirya gasar sukan sake fasalin hanyar, don haka mai niyyar shiga yana bukatar duba sanarwar shekarar. Daga baya an ƙara tseren kilomita 10 domin waɗanda ba za su iya dogon ba.

A shekarar 2023 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ba gasar lambar zinariya, ɗaya daga cikin manyan darajojin da take bai wa gasannin kan titi.

Waɗanda suka fi lashe gasar

Tun daga farko 'yan gabashin Afirka ne suka mamaye gasar. Abraham Kiptum na Kenya ne ya lashe ta farko cikin sa'o'i 2 da minti 16, ya kuma sake lashewa a 2017, kodayake a 2019 an dakatar da shi na shekaru 4 bisa karya dokokin hana amfani da abubuwan ƙara kuzari. A 2020 wani ɗan Kenyan, David Barmasai, ya kammala cikin sa'o'i 2 da minti 10. A ɓangaren mata kuwa 'yan Habasha ne suka fi yin nasara. Kyautar wanda ya zo na ɗaya a gasar ta farko dala dubu 50 ce.

Ɗaya daga cikin dalilan wannan fifiko shi ne tudun ƙasa. Garin Iten na Kenya, inda manyan masu gudu ke horo, yana da tsayin kimanin mita 2,400 daga doron teku. A irin wannan wuri iskar da ake shaƙa ba ta da ƙarfi, sai jiki ya ƙara yawan ƙwayoyin jinin da ke ɗaukar ta, abin da ke ba mai gudu juriya idan ya sauko ƙasa.

Haka ma a cikin Nijeriya, 'yan jihar Filato ne suka fi fice a rukunin 'yan ƙasa, kuma birnin Jos yana da tsayin kimanin mita 1,200.

Zafi da laima da hayaƙi

A 2023 marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya yi gudun fanfalaki na birnin Chicago a Amurka cikin sa'o'i 2 da daƙiƙa 35, a yanayi mai sanyi. Tazarar minti 10 da ke tsakanin wannan da abin da aka yi a Legas a 2020 tana da nasaba da abubuwa da dama, amma yanayi yana sahun gaba.

Wannan shi ne abin da baƙo daga arewa ya fi bukatar sani. A Gummi ko Anka zafin bazara yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, amma iskar busasshiya ce, gumi yana fita yana bushewa, kuma bushewar tasa ce ke sanyaya jiki. A Legas zafin bai cika wuce digiri 35 ba, sai dai iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa da sauri, don haka jiki yakan ɗauki zafi ko da rana ba ta fito ba.

Masana lafiya sun nuna cewa jiki yana bukatar mako 1 zuwa 2 kafin ya saba da sabon yanayi irin wannan. Jiri da ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa alamu ne na cewa zafi ya yi wa jiki yawa, kuma wajibi ne a tsaya, a nemi inuwa, a sha ruwa. A watan azumi, masu motsa jiki da dama sukan mayar da gudunsu bayan buɗa-baki.

Matsala ta biyu ita ce gurɓatar iska. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2018 gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin 11,200 a Legas. Hayaƙin motoci da na janareto na daga cikin manyan musabbabai. Mai gudu yana shaƙar iska fiye da mai tafiya, shi ya sa lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin sallar asuba da fitowar motoci. Da yake a lokacin gari bai gama wayewa ba, mafi yawan masu gudu sukan fita ne a ƙungiya, sanye da tufafi masu haske, suna fuskantar motocin da ke tahowa.

Damina kuma tana da nata cikas. Ruwan sama ya fi ƙarfi a watannin Yuni da Yuli, kuma titunan Lekki da Victoria Island sukan cika da ruwa har ya rufe ramuka da magudanai.

A yammacin Zamfara matsalar daban ce. Fili yana nan a yalwace, da fadamun gulbin Zamfara, kuma safiyar hunturu ta dace da gudu ƙwarai. Amma hare-haren 'yan bindiga da suka addabi yankin tun daga shekarun 2010 sun sa fita bayan gari da duku-duku ya zama kasada, ko a kan babbar hanyar da ta tashi daga Anka ta bi ta Daki Takwas zuwa Gummi. Wannan ya taƙaita masu motsa jiki ga cikin gari da filayen makarantu.

Sauran biranen gaɓar teku

Wasu biranen sun bi wata hanya dabam. A Dakar, babban birnin Senegal, gaɓar tekun da ke kusa da Jami'ar Cheikh Anta Diop takan cika da matasa masu gudu da motsa jiki kowace yamma, ba tare da biyan ko sisi ba. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu akwai doguwar hanyar masu tafiya a ƙasa a unguwar Sea Point, kuma birnin ne ke karɓar tseren kilomita 56 na Two Oceans. Alhazan da suka taɓa yada zango a Jidda kuwa sun san bakin Bahar Maliya, inda aka shimfiɗa hanyoyin tafiya da wuraren zaman iyali.

Abin da waɗannan birane suka yi tarayya a kai shi ne hukumominsu sun bar wani yanki na gaɓar a buɗe ga kowa. A Legas kuwa, gadar Lekki da Ikoyi ta nuna cewa da zarar an keɓe wa mai tafiya a ƙasa wuri, jama'a za su fito su yi amfani da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta bukaci kowane baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko kuma mai ƙarfi na minti 75 zuwa 150. Mafi ƙarancin wannan shi ne tafiya da sauri ta rabin sa'a, sau 5 a mako. Likitoci suna shawartar mai hawan jini ko ciwon zuciya, da wanda shekarunsa suka ja kuma ya daɗe bai motsa jiki ba, da ya fara zuwa asibiti a duba shi, sa'an nan ya soma da tafiya kafin ya kai ga gudu.